Tikitin Yini Ɗaya

Shafi na 14

Ku da kuka hana wayata sakat tun asuba, wai na bar ku a tsaye, to ku nemi wuri ku zauna. Ita kuma mai cewa in tausaya wa Abba Gana, ta karanta wannan shafin tukuna, sai mu ga ko za ta maimaita.

*

Halima Sadiya ba ta jira mai Keke ya gama tsayawa ba ta dira. Fasfo biyu ne a hannunta, na mahaifiyarta Ya Falmata da na yayanta Abba Gana. A makarantar da take koyarwa aka kawo mata su ɗazu daga Abuja, ta buɗe ambulan ɗin da bismilla, tana murmushi tun kafin ta ga komai. Babu biza. Sai wata takarda da aka yi wa alama a layi ɗaya, wai ofishin jakadancin Italiya bai gamsu da bayanin tafiyar ba.

Bai gamsu ba! Tun daga makaranta take nanata maganar nan, tana jin ta kamar barkono a maƙogwaro.

Su fa ba yawon buɗe ido za su ba. Ya Falmata ce ke son ganin ɗanta Zarami, wanda rabonta da shi tun shekarar da suka gudo daga Baga, su suka yo Gombe, shi ya bi ta Libiya ya faɗa Italiya. Kuma ganin ba na jira ba ne. Hawan jinin ido ya riga ya cinye mata na hagu, na daman ma likita ya ce ɗan haske ne ya rage, kowace rana zai iya ɗaukewa. Roƙon tsohuwar a kowace sujada ɗaya ne, Allah ya nuna mata fuskar Zarami kafin hasken nan ya tafi.

Shagon Onyeka na nan a Jekadafari, tsakanin mai wankin hula da mai sayar da katin waya. Shi ya haɗa musu takardun bizar kaf. Ƙaninsa Chimobi da ke zaune a Torino kuma shi ya aiko da takardar gayyata, don an ce wa Halima takardun zaman Zarami ba su kammala ba, sunansa ba zai shiga fayil ba. A Gombe aka haifi Onyeka, Hausa kuwa a bakinsa ta fi ta Halima zama.

"Malama Halima, sannu da zuwa. Ya jikin Mama?"

"Kar ka tambaye ni jikin Mama."

Ta buga fasfo ɗin a kan tebur har biro ya gangara ya faɗi ƙasa.

Onyeka ya dubi fasfo, ya dubi fuskarta. Ko hannu bai kai ba. Wannan ne ya ƙara tunzura ta.

"Au, ba za ka buɗe ba? Ka riga ka sani ke nan."

Ya juya ga mutanen da ke jiran fotokwafi. "'Yan'uwa, ku yi haƙuri, ku dawo bayan la'asar." Suka fita a hankali suna jan ƙafa, don babu wanda ya so a yi babu shi.

"Na sani," in ji Onyeka. "Chimobi ya kira ni tun makon jiya."

"Tun makon jiya! Kana haɗuwa da ni a hanya, kana washe min haƙora, kana ya jikin Mama, alhali ka san an gama da mu?"

"Zauna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai ka ce min fayil ɗin nan duk wanda ya gani sai ya sara masa. Kai ka ce a sayi tikitin jirgin ƙasa na gaske a haɗa, don su ga mun san inda za mu da ranar da za mu dawo. Mun saya. To me ya faru? Na bogi ka buga mana, ko?"

"Malama, ki ji tsoron Allah. Tunda na buɗe shagon nan wa ya taɓa cewa na buga masa takardar ƙarya?"

"Yau an fara."

Nan fa shi ma ransa ya ɓaci. Onyeka mutum ne mai haƙuri, amma ka taɓa sana'arsa ka ga wani mutum daban. Ya fizgo fuskar kwamfutar ya juya mata.

"Tunda abin ya zama haka, duba da idonki. Ga abin da na saka. Rum zuwa Torino, ranar da za su sauka. Torino zuwa Rum, ranar da za su dawo. Shi ke nan. Da hannuna na jera, da hannuna na rufe."

"To?"

"To su da suka kira Chimobi daga Abuja ba wannan suka tambaye shi ba. Cewa suka yi, me baƙinka za su je yi Montefarro kowace Alhamis? Yaro ya rikice, ya ce shi bai san zancen ba, baƙinsa ba inda za su. Suka ce ga tikiti a gabanmu da sunayensu. Daga nan magana ta mutu. Mai masauki ya ce kaza, takarda ta ce kaza, wa zai ba ka biza?"

Ya dafa tebur da hannu biyu ya sunkuyo.

"Ni abin da nake so in sani, wa ya cusa tikitin Montefarro cikin fayil ɗin nan bayan ya bar shagona?"

 

Halima ta tuna safiyar da Abba Gana zai kai Mama Abuja miƙa takardu. Yana wanka, ita tana goge masa riga, sai ta ji takardu a aljihun ciki. Tikitin jirgin ƙasa ne, da sunansa da na Mama ɓaro-ɓaro. Har tsaki ta yi, ta ce Yaya da mantuwa, saura kaɗan ya bar mafi muhimmanci a aljihu. Ta warware su, ta bi su da dutsen guga don su miƙe, ta jera su bayan sauran a cikin fayil. Ba ta ma faɗa masa ba, tana jira sai biza ta fito ta yi masa gori.

Sunan garin ma ta gani. To amma ita me ta sani game da jirgin ƙasa? Iyakarta hango tsohuwar tashar jirgi in ta wuce a Keke. Ta ɗauka Montefarro wata unguwa ce a gefen Torino, kamar yadda Kagarawal take a Gombe.

"Ni ce," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Ke?"

"Ni na saka. Ai kai ka ce tikiti na ƙara wa fayil nauyi."

Onyeka ya ɗora hannu biyu a ka. "Chineke! Wayyo Allah! Shi ya sa yayanki ya dawo ya ce in sake buga masa, wai sun ɓata. Malama, na ce tikiti na ƙara nauyi, amma wanda ya yi daidai da labarin da ke cikin fayil!"

Kunya ta kama ta, ba ƙarya. Sai dai Halima ba ta cikin matan da kunya ke daɗewa a jikinsu. Kafin ya sauke hannunsa daga ka, wani tunanin ya riga ya taso mata.

"Tsaya. Ka ce ka sake buga masa. Ashe kai ka buga na farkon ma."

Onyeka ya kau da kai.

"Kai ka saya, kai ka buga, amma ba ka saka a fayil ba. Don me? Mene ne a Montefarro da ake ɓoye wa masu biza?"

"Ki tambayi yayanki."

"Kai nake tambaya."

"Ba maganata ba ce. Na yi alkawari."

Ta zaro waya, ta danna lambar Abba Gana.

"Yaya, ka bar kifin nan ka zo shagon Onyeka. Yanzu."

Ba ta jira amsa ba ta kashe. Ta ja kujerar da ta ƙi zama a kai ɗazu, ta zauna daram a gaban kwamfutar.

"Buɗe min su."

"Malama..."

"Onyeka, wallahi ko ka buɗe min, ko in tsaya a ƙofar shagon nan in tara maka Jekadafari kaf."

Ya san za ta aikata. Ya buɗe.

Wannan karon ba kallon guga ta yi musu ba, karatu ta yi, layi bayan layi. Torino zuwa Montefarro da sassafe. Montefarro zuwa Torino da yamma, a ranar. Alhamis ta gaba ma haka. Wadda ke bin ta ma haka.

"Wane irin gari ne wannan da ba a kwana a cikinsa?"

Onyeka ya kama gyaran takardun da ba su buƙatar gyara.

"Kun ce min Zarami a ɗakin Chimobi yake kwana, a kamfanin tayil yake aiki. In a Torino yake, me zai kai tsohuwar da ba ta gani sosai wani gari kowace Alhamis, ta je da safe ta dawo da yamma?"

Onyeka ya ci gaba da juya takardunsa.

"To riƙe bakinka. Ba kai kaɗai ke da intanet ba."

Ta rubuta sunan garin a wayarta, tana kwafa harafi bayan harafi daga kwamfutar. Hoton farko da ya fito ba kasuwa ba ce, ba masallaci ko coci ba. Wata doguwar katanga ce mai ruwan toka, an naɗe samanta da waya mai ƙaya, ga ɗan ɗakin masu gadi a kusurwa. Ta ja ƙasa. Ranakun ziyarar iyali. Alhamis.

Daidai nan mashin ya tsaya a ƙofa. Abba Gana ya shigo da warin kifin banda da yake sayarwa a jikinsa, gumi na bin wuyansa, hularsa a karkace.

"Lafiya? Mama ce?"

Idonsa ya faɗa kan fasfo, ya koma kan kwamfuta, ya ƙare a kan wayar da Halima ta ɗaga masa daf da hanci. Sai ya jingina da bango.

"Yaya, wannan ne kamfanin tayil ɗin?"

"Halima, sauke muryarki."

"Ba zan sauke ba! Wannan ne ɗakin Chimobi? Ina Zarami yake?"

"Mutane na ji."

"Su ji! Ina ɗan'uwana yake?"

Ya cire hular ya share fuska da ita. "Yana ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya taka ƙasar."

Ta san amsar kafin ya faɗa, amma jin ta daga bakinsa daban ne. 

"Me ya yi? Kisa ya yi? Ƙwaya ya ɗauka?"

"Bai yi komai ba sai abin da Baba ya koya masa." Abba Gana ya matse hular a hannunsa. "Kin san shi da jirgin ruwa tun muna bakin tafki a Baga. A Libiya, da za a tura su teku, masu jirgin suka ce wa ya iya inji. Wani ɗan garinmu ya nuna shi. Da bindiga a ƙeya suka zaunar da shi. Shi ya tuƙa mutanen nan, ya kai su da ransu, ko ɗaya bai nutse ba. Da suka isa, jami'ai suka tambayi fasinja wa ke riƙe da inji. Suka nuna shi. Aka ce shi ne mai safarar mutane."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Saura shekaru kafin ya fito. Idon Mama ba zai kai ba."

Hawaye ya zo mata, ta mayar da shi da ƙarfin tsiya. Ba yanzu ba. Yanzu akwai wanda za ta ci wa kwala tukuna.

"Wayar da yake yi ran Juma'a, wadda take yankewa ana tsakiyar magana, kuka ce layin kamfani ne?"

"Lokacin da suke ba su ke nan."

"Mama na roƙo a yi bidiyo ta gan shi ko sau ɗaya, kuka ce kyamarar wayarsa ta fashe?"

Ya gyaɗa kai.

"Bargon fa? Bargon da ya aiko da Sallah, wanda take shinshinawa tana cewa ƙanshin Turai?"

Abba Gana ya kalli ƙasa. "A babbar kasuwa na saya."

Ta yi wata dariya wadda ba ta da alaƙa da daɗi. "A babbar kasuwa! Ta hana kowa taɓa shi. Ta hana a wanke. Ni da kaina ta mare min hannu a kansa. Kai Yaya, ba ka ji kunyar Allah ba?"

"Zarami ne ya sa na rantse!" Shi ma ya ɗaga murya. "Da Alƙur'ani ya sa na rantse. Ya ce gara Mama ta ɗauka daɗin Turai ne ya hana shi dawowa, da ta san a ɗaure yake. Kin san abin da matar nan ta gani a Baga. Kin san yadda muka binne Baba. In ƙara mata wannan?"

"Ni fa? Ni ma tsohuwa ce? Ni ma a Baga hankalina ya tsaya?"

"Ke bakinki ba ya riƙe magana."

"Da bakina ya san maganar, da hannuna bai saka tikitin ba!"

"Wa ya aike ki aljihuna?"

"Wanda ya aike ka yi mana ƙarya shekara da shekaru!"

Onyeka ya shiga tsakani da hannu a sama. "Don Allah, don Annabi, ku bari. Ku 'yan'uwa ne."

"Kai kuma yi mana shiru," in ji Halima, "da kai aka ƙulla."

Ta juyo kan yayanta. "To faɗa min. Ka kai ta Torino, ta shiga ɗakin Chimobi, ta lalubi gado babu Zarami. Me za ka ce mata?"

"Zan ce an tura shi aiki wani gari, mu za mu bi shi."

"Sannan?"

"In muka zauna a jirgin, ya tashi, sai in faɗa mata a hankali."

"A cikin jirgi."

"Eh."

"A ƙasar da ba ta san kowa ba, ba ta jin yarensu, ba maƙwabciya, ba 'yarta, ba inda za ta shiga ta yi kuka. A nan za ka ce mata, Mama, ɗanki fa a kurkuku yake, ga mu nan mun kusa? In ta faɗi fa? Wa za ka kira? Mai duba tikiti?"

"Ban ga wata hanya ba, Halima."

"Ƙarya ne, ba ka nema ba."

Onyeka ya yi gyaran murya. Abba Gana ya harare shi, harara mai cewa kar ka soma. Halima ta gani.

"Mene ne? Faɗi."

"Onyeka," in ji Abba Gana, "ka yi alkawari."

"Na yi alkawarin ba zan faɗi inda yake ba, kuma ban faɗa ba, ita ta gano." Onyeka ya ja numfashi. "Malama, akwai hanya. Tun ranar farko na faɗa masa. Uwa tana da damar neman biza ta je ganin ɗanta da ke tsare. Lauyan Zarami ya ce zai aiko da takarda, a haɗa da ta likitan ido, a saka tikitin Montefarro a sama ma, ba a ɓoye ba. Ba na ce dole su bayar ba, amma gaskiya ce zalla, babu inda za a kama mutum da saɓani."

"To me ya hana?"

"Mama ce za ta sa hannu. In suka kira ta, da bakinta za ta faɗi inda ɗanta yake. Ba a yi sai ta sani."

Halima ta miƙe a hankali.

Wannan ce ta fi ƙona mata rai, fiye da kurkukun, fiye da bargon. Ashe akwai miƙaƙƙiyar hanya tun farko, aka bar ta aka shiga lungu. Tun kafin azumi ake wannan fafutuka. Duk watannin nan ita ce ke ɗiga wa Mama magani safe da yamma, ita ce ke ganin yadda tsohuwar ke kusanto da tasbaha daf da fuska, yadda ta daina gane mutum sai ya yi magana. Idon da ake lissafinsa da kwanaki, shi aka ɗauka aka yi caca da shi.

"Yaya, ka san me ka ci? Ba kuɗi ka ci ba, ba lokaci ka ci ba. Idon Mama ka ci."

"Halima!"

"Na faɗa. Ka mare ni in kana so."

Hannunsa ya ɗaga, ya tsaya a sama, ya sauko. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ni dai ban ce bai sha wahala ba, ɗaukar irin wannan sirri shi kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Amma wahalarsa ba ta mayar wa kowa da ko kwana ɗaya ba.

"In aka sake nema yanzu," ta tambayi Onyeka ba tare da ta kalle shi ba, "yaushe?"

"Samun rana a Abuja ba wasa ba ne yanzu. Kuma wannan ƙin da suka yi yana rubuce, sai mun yi bayaninsa. Amma in Mama ta yarda yau, yau zan rubuta wa lauyan."

"To yau za ta sani."

Ta kwashi fasfo. Abba Gana ya tare ƙofa.

"Ba inda za ki."

"Matsa."

"Na rantse, Halima."

"Kai ka rantse, ni ban rantse ba. Ka je ka yi kaffara."

"In wani abu ya same ta, ke ce."

"In ta makance ba ta gan shi ba, wa ne?"

"Ki ba ni zuwa Juma'a. Zarami zai kira, ya faɗa mata da kansa."

"Ba ni da Juma'ar da zan ba ka. Ba tawa ba ce."

"Wallahi in kika buɗe baki a gidan nan, ba ni ba ke."

"Mun daɗe a haka ashe, ni ce ban sani ba."

Ta bangaje kafaɗarsa ta fita. Masu fotokwafin nan ashe ba su je ko'ina ba, suna laɓe a rumfar mai wankin hula, suka yi saurin kau da kai. Ko kallo ba su ishe ta ba. Ta tare Keke.

"Gabukka. Kar ka ɗauki kowa."

Tana jin ƙarar mashin ɗinsa a bayansu tun daga Jekadafari. Wani lokaci ya matso daf da Keken yana kiran sunanta, ta juya fuska ɗaya gefen. Rana ta take sosai, kwalta har wani ƙyalli take. A hanya ta yi ta juya maganar a ranta. Mama, Zarami yana lafiya, amma... A'a. Mama, ki yi haƙuri, akwai abin da... A'a. Duk yadda ta jera ta, ba ta da kyan ji.

Tare suka isa ƙofar gida. Ya jefar da mashin ɗin ko jingine shi bai yi ba, ya riƙo gefen hijabinta.

"Don darajar Baba."

"Sake ni."

Ta fizge ta shiga, ya bi ta.

Ya Falmata na zaune a tsakar gida a kan tabarma, ƙafafu a miƙe. Ta baje kaya a gabanta, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, tana ƙulla kowanne a leda tana jerawa. Tsarabar Zarami ce. Inuwar bango ta janye ta bar ta, rana tana dukan fuskarta kai tsaye, amma ba ta matsa ba, ko runtse ido ba ta yi ba.

Ta ɗaga kai da ta ji takunsu.

"Halima ce? Da Abba Gana? Na ji mashin."

"Mu ne, Mama."

"Barira ta makarantarku ta leƙo ɗazu, ta ce ta ga an kai miki ambulan makaranta. Ta fito ko?" Fuskarta ta cika da murmushi. "Na san ta fito. Jiya na yi mafarkinsa."

Halima ta durƙusa a gabanta. 

"Mama, akwai maganar da..."

"Maganar ta jira. Kun bar ni ni kaɗai har dare ya yi, ina ta ƙulli da lalube." Ta miƙo hannu, amma ba saitin Halima ba, can gefe inda babu kowa. "Kunna min fitila tukuna, ki ba ni fasfo ɗin. Ina so in ga bizar nan da idona."

Halima ta ɗaga kai ta kalli sama. Ko kiran la'asar ba a yi ba.

Ta juya ta kalli Abba Gana. Ya toshe baki da hularsa.

Ya Falmata ta juya fuska dama, ta juya hagu, idonta a buɗe tar cikin rana.

"Me ya sa kuka yi shiru? Ko babu wuta ne?"